Bangon da Muka Rushe a Coventry

Ranar Litinin Marek ya iso da guduma,
ya ƙwanƙwasa bangon kamar mai zaɓen kankana,
ya kasa kunne, ya ce wannan shi ke ɗauke da bene,
sai an gitta ƙarfe a sama kafin a taɓa shi.
Na tambayi kuɗin ƙarfen. Ya faɗa.
Na nemi kujera.

Zuwaira ce ta kawo maganar, autarmu,
wai gidajen ƙawayenta duk a buɗe suke,
mai girki na ganin mai kallon ƙwallo,
haske na ratsowa daga lambu har ƙofar titi.
Uwarta ta ce, "Tukunya ma da murfinta ake sayarwa."
Ba mu ji ba. Mu biyu ne, ita ɗaya.

Kafin guduma ta sauka
Kubura ta tsaya da wuƙar yanka albasa
tana ɓamɓaro fentin gefen ƙofa
inda ta yi ta zana tsawon yara da fensir:
Nafi'u, shekara huɗu. Nafi'u, shekara tara.
Can ƙasa akwai wani layi marar suna.
Na san na wane ne, ban tanka ba.
Ta ƙulle ɓawon a tsohon ɗankwali.

Mako shida muna shaƙar siminti.
Girki a ɗakin barci kan ɗan murhun lantarki,
wanke-wanke a bahon wanka,
kuka da daddawa da yaji a kwali ƙarƙashin gado,
ruwan Nuwamba na dukan ledar da aka toshe taga.
Misis Doyle ta leƙo ta katanga ta ce zai yi kyau,
nata mijin ya rasu da wannan alkawari a bakinsa.

To, an gama. Fari fat.
Teburin dutse a tsakiya, fitilu uku na lilo a kansa.
Na dawo daga tuƙin bas, na zauna inda na saba,
na ɗaga kai,
sai ga ta.

Shekara goma sha tara ina jin ta ta bayan bango:
bugun muciya, tsartuwar mai, zubar famfo.
Ban san a tsaye take cin abinci ba.
Ban san ƙanzo ne rabonta ba
bayan ta cika mana kwanuka.
Ban san tana dafe ƙugu da hagu in tana tuƙa tuwo ba,
ko tana hira ƙasa-ƙasa da Inna
da aka binne a Gumel ba ta samu zuwa ba.
Famfon nan da nake faɗan ana ɓarnar ruwa,
ashe buɗe shi take kada a ji kukanta.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun shiga.
Mu da kuɗinmu muka kayar da namu,
ƙadangaren kuwa ni ne,
ina gyaɗa kai a kan kujera, na rasa inda zan sa ido.

Daddawa ta kama labule da matasan kujera.
Baƙo daga zaune yana iya ƙirga naman miya.
Ƙararrawar hayaƙi ta yi kururuwa sau biyu ana labarai.
Zuwaira dai sai hoto take ɗauka.

Jiya da asuba na sauko
na tarar da Kubura a kan kujera, ƙusa a baki,
tana rataya tsohuwar atamfarta a ƙarƙashin ƙarfen Marek.
Ko rabin faɗin wurin ba ta rufe ba.
Ta dube ni, tana jiran in tayar da maganar kuɗi.
Na riƙe mata ƙafar kujera.
Ta ce, "Miƙo guduma." Na miƙa.

Da yamma, daga bayan zanen, ta ce,
"In za ka shigo, ka yi sallama."
Na yi.
Ta amsa, ta tura min albasa uku da wuƙa.